'Dai' Ɗin da Ke Wutsiyar Magana

Jawabin Iya Hajara ta Kusfa a taron addu'ar arba'in na ɗanta. 'Yarta Nafisa ta rubuta daga bakinta, abokin aikinsa Malam Zaharaddini ya karanta.

Assalamu alaikum. Mai Unguwa, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta Malam. Malaman da suka zo daga wajen aikinsa, sannunku da hanya. Su'ad matarsa, sannu da haƙuri. Nabil ƙaninsa, da dangi, da makwabta, sannunku.

Ni ban yi boko ba, ban taɓa magana a gaban maza ba, yanzu ma Nafisa nake faɗa wa tana rubutawa. Kuma kun sani ɗan fari ne, ban taɓa kama sunansa ba. Yaron nan nake cewa, har ya yi furfura.

Ya kasance mai zaman zaure da kwamfuta a cinya. Mu a unguwa mun ɗauka wasa yake. Ya kasance in asibitocin ƙauye sun kasa buɗe tsofaffin awon jarirai da suka adana a kwamfuta, shi ake kawo wa. Abin gida-gida ne kamar ramukan dara, kowane gida da lambarsa, amma a rufe, sai an yi masa mabuɗi. Shi yake yin mabuɗin.

Wata rana na kai masa kunu na tarar yana dariya shi kaɗai. Ya ce mabuɗin da wani ya yi ya nuna jaririya ta kai kilo ɗari uku da ashirin da biyar. Na ce to wannan ai saniya aka haifa. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kamar zan gane. Wai don kada lamba ta ci wuri, matse ta ake yi a rabin gurbinta, sai a bar alamomi biyu 'yan mitsi-mitsi a wutsiya. Ɗaya tana faɗin ko lambar cikakkiya ce ko an datse ta. Ɗayar tana cewa a raba ta gida ɗari. Mai mabuɗin bai duba wutsiya ba. Jaririyar kilo uku ce da kwata. Ya ce da an bar shi haka, yaran da suka rame ma sai a ga kamar sun ƙoshi, ba wanda zai neme su.

Sai ya kalli bango, don ba ya kallon idona, ya ce, "Iya, ke ma haka kike magana."

Na ce ban son shirme.

Ya ce, "In kin ce lafiya lau, lafiya ce. In kin ce lafiya dai, sai na raba da ɗari."

Na ɗauki kwanona na shige. Amma gaskiya ya faɗa. Ya kasance duk ranar da 'dai' ta kuɓuce mini, ba ya tambayata komai. Sai ya kwaso kwamfutarsa daga zaure ya dawo bakin ƙofar ɗakina, ya yi ta ƙwas-ƙwas har la'asar. Ba mu hira. Ƙarar nan kawai nake ji, hankalina ya kwanta.

Mun yi rashi, mu mutanen Kusfa, da iyayen jariran da ba su ma san shi ba. Malamai sun ce mabuɗinsa yana nan yana aiki, kowa na ɗauka kyauta. Na gode Allah. Amma ni nawa mabuɗin an binne.

Tun ranar kuke shigowa, Allah ya saka. Kuna cewa Iya ya haƙuri, ya jiki. Ina cewa lafiya dai. Ku ce madalla, ku sa takalmi. Ban ga laifinku ba, lambar da na ba ku kuka karanta.

Nafisa, rubuta, kar ki cire. Tsoro nake ji. Su'ad za ta gama takaba ta koma gidansu da yara, hakkinta ne, ba na riƙe ta. Nabil, Kaduna za ka koma. Ke Nafisa kina Tukur-Tukur da taki ɗawainiyar. Gidan nan in ya yi shiru har numfashina nake ji, sai in kasa kunne wajen zaure. Ina tsoron in faɗi a tsakar gida a kwana biyu ba a sani ba, don na riga na ce wa kowa lafiya.

Ba na iya roƙo, ba a koya mana ba. Shi ya sa na faɗa muku alamar a gaban Liman. Ba abinci nake nema ba. In kun ji 'dai', ku ajiye takalmin. Ba sai kun yi magana ba.

Na gode wa duk wanda ya tako. Allah ya mayar da kowa gida lafiya, lafiya lau.

Ya Allah, Kai ba Ka buƙatar alama, Ka san abin da na matse tun ranar da na haife shi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka masa, kada Ka bar shi shi kaɗai. Ka jiƙan Zulkiflu. Zulkiflu ɗana.

Amin.