Shelar da Ta Tsaya a Gindin Kuka

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, daga Gagarawa nake gaishe ka.

Kullum ina taƙama da kakan babana, mai shelar dagaci a farkon zuwan Turawa. Ran Juma'a na shiga gaishe da tsohuwar maƙwabciyarmu, Inna Tabawa, na sake ɗauko zancensa. Sai ta ce, "Ɗana, da Gwamna ya ce bawa na iya zuwa gaban alƙali ya fanshi kansa, dagaci ya hana kakanku kai shelar unguwar bayi. A gindin kuka gangarsa ta tsaya. Kakata a bauta ta mutu, ba ta ji ba."

Ta miƙo mini fura, na karɓa na ajiye, na yi mata sallama na fito.

Jama'a, ku ba ni shawara, da wane ido zan ƙara kallonta?