Allurar Direba da Sanƙon Taya

A tasha, direba na loda kaya, wata tsohuwa mai takunkumin fuska tana hararar tayoyinsa.

"Iya, kin yi allurar annobar nan?" in ji shi. "To, jira shekara goma. A hankali take shanye jini."

"Ikon Allah, ashe likita ne zai ja mu! Ɗana, tayar nan ta fi kan mijina sanƙo, amma jinina kake tausayi?"

Ya ɗaga buhu, ya yi ƙara, ya dafe damtsensa.

"Me ya sami hannun?"

Ya sunkuyar da kai. "Uwar yara ce ta ce ba katin allura, ba shiga ɗaki."

"Ayya, ashe tare za mu tafi. To, tuƙa a hankali, mu kai shekara goman."