Kaskon da Na Shiga da Shi Karafan

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Rifkatu, matar Istifanus, wancan da ya zauna kusa da ƙofa yana sunkuyar da kai. Ni nake girki a gidan kafilinmu, wato ubangidan da ya kawo mu aiki, a unguwar Abhur ta Jidda, shi kuma direban gidan ne. 'Yarmu ɗaya, Tabita, tana Najeriya wurin kakarta.

Ku yi haƙuri in labarin ya fito a karkace. Har yau akwai abin da ban gama ganewa ba a cikinsa.

Kafilinmu ya sayi karafan, motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da banɗaki. Ya ce Baban Tabita ya kai ta Ula, shi da iyali za su biyo jirgi su same ta can. Kada a yi gudu da ita, in ji shi, a riƙa tsayawa a mukayyam, wato wuraren da ake ajiye irin waɗannan motoci a kwana. Madam, matarsa, kuma ta ce in bi mijina in gyara cikin motar.

'Yan'uwa, na yi murna. A gidan nan ni ina kwana sama, mijina yana ɗakin direba bakin get, sai mu wuni gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ce ashe da rabon in sake amarci.

Watan Maris ne. Madam ta ce, "Ya Rifkatu, rabi'i ne yanzu, hunturu bai gama wucewa ba, arewa akwai sanyi, ki ɗauki bargo." Na ce to. A raina kuwa dariya nake. Mu a gida in aka ce an nufi arewa a watan Maris, wuta aka nufa. Jidda kuma ba ta taɓa sa ni neman rigar sanyi ba. Na ɗauki zannuwana biyu na bar bargo. Abin da ban manta ba shi ne kaskona, da gawayi, da turaren wutar da aka aiko mini daga gida, don ni ba na iya kwana a ɗakin da bai sha turare ba.

Kwananmu na farko a Yanbu ne, bakin teku. Da yamma iska ta taso, na hura gawayi a waje na shigo da kaskon, na zuba turare, muka ja tagogi. Ɗaki ya yi ɗumi, ya yi ƙamshi. Da safe na tashi da ciwon kai da tashin zuciya.

Baban Tabita ya dube ni ya ce, "Maman Tabita, ko dai an samu ƙaruwa ne?"

Na ce, "A kwana ɗaya? Kai dai ka kama sitiyarinka."

Muka yi dariya, amma na ga shi ma yana dafe goshi. Da muka hau hanya aka sauke gilashi, kafin rana ta take mun warke sarai. Muka ce gajiya ce.

A Umluj abin ya ƙaru. Ruwan tekun wurin kore shar, Larabawa sun baza darduma suna gasa kifi, mu kuwa muka wayi gari kamar an yi mana duka. Muka ce kifin da muka ci ne, muka daina cin kifi. A Wajh muka ce ruwan tankin motar ne, muka koma ruwan gora. Kullum da safe ciwo, kullum da rana lafiya. Kullum kuma sanyi yana ƙaruwa, ni ina ƙara gawayi.

A Wajh ɗin ne tsoro ya shige ni. Mutumin da ya san hanyoyin ƙasar nan kamar gidansu ya fito daga mukayyam ya juya kudu. Muna ta tafiya, sai na lura teku ta koma hannun dama. Na ce, "Baban Tabita, Jidda za mu koma?" Ya taka birki, ya dube ni ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Can ya ce, "Ina muka ce za mu?"

Na rasa abin da zan kama. Na ce ko kansa ne ya taɓu. Na ce ko wani ne a gida ya ji muna yawo a mota mai ɗaki ya yi mana aike. Na ce ko mai motar na farko ya mutu a cikinta ne. Asibiti bai ko zo mana a rai ba, don duk lokacin da za mu iya zuwa, mun riga mun warke. Na shafa wa ƙofar motar man zaitun, na tsawata wa duk abin da ke ciki ya fita cikin sunan Yesu. Da yamma kuma na ninka turare, wai don in kori warin cutar.

Muka bar teku muka shiga duwatsu. Ciyayi sun fito a hamada, har da ƙananan furanni, ban taɓa zaton ƙasar nan tana da su ba. A mukayyam na kusa da Ula, rana na faɗuwa sanyi ya sauko irin wanda ban taɓa ji ba, haƙorana suna haɗuwa.

Ina tsugune a waje ina fifita gawayi, na ɗan yafa turare a kai, sai ga wata dattijuwa ta fito daga karafan ɗin da ke kusa da namu, tana bin ƙamshi da hanci. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ya binti, 'yata, wannan bakhur ɗin, turaren nan, na ƙasar Hausa ne, wallahi."

Na ɗaga kai, na ce, "Mama, kina jin Hausa?"

Ta ce sunanta Hajiya Amna, a Jidda aka haife ta, kakanninta ne suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Ta ce, "Jaddati, kakata, irin wannan take sawa. Tun rasuwarta ban sake jinsa ba." Idonta ya kawo ruwa. Na ce bari in ɗebo mata. Ta ce a'a, ba ta karɓar kyauta a tsaye bayan magariba, za ta zo da safe mu gaisa sosai kafin su kama hanya.

Muka shiga. Baban Tabita ya cusa tawul a ramin iskar da ke rufin motar, ni na cika kaskon fal na ajiye kusa da gado.

Da na farka gari ya waye, ina ganin haske a labule. Na so in tashi, hannuna ya ƙi. Kaina kamar ana daka a ciki. Na kira, "Baban Tabita," muryar ba ta fita ba. Na tura shi da gwiwa, bai motsa ba, bakinsa a buɗe. Na san mutuwa ce. Na tuna Tabita, yarinyar da muka bari tana koyon ɗaura zane, za a ce mata an tsinci iyayenta a cikin mota a ƙasar mutane.

Na so in yi addu'a, kalmomin suka watse. Duk tsawatawar nan da na iya, ko ɗaya ban tuna ba. Abin da ya rage mini kawai shi ne, "Yesu, ban san mene ne ba. Kai ka sani." Shi na yi ta maimaitawa a zuci.

Sai na ji ana buga ƙofa. Na ji hon, na ji ɗan Hajiya yana cewa, "Yalla ya ummi, mu tafi, halas, barci suke." Na ji muryar Hajiya ta ce ba inda za ta sai da bakhur ɗinta. Ta sake bugawa, ta murɗa hannun ƙofar.

'Yan'uwa, kun san mijina. Mutumin da ke kulle mota ya dawo ya ja hannun ya tabbatar, ya tafi ya sake dawowa. Ranar nan, saboda ruɗewar kansa, bai kulle ba. Ƙofa ta buɗe. Halleluya!

Ihun Hajiya ne na ji na ƙarshe. 'Ya'yanta suka jawo mu waje kan yashi, suka kai mu asibiti, aka sa mana iskar numfashi. Da na dawo hayyacina likita yana faɗa da Larabci, Hajiya tana fassara mini. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da guba marar wari, ita muke shaƙa tun Yanbu. A gida mun saba kwana da kasko, amma ɗakunanmu iska tana shiga ta ko'ina. Motar nan kuwa a like take kamar firji.

Na ce, "Mama, to aljanin fa?"

Ta ce, "Ya binti, ke kike hura shi kullum da mafici."

Baban Tabita bai farfaɗo ba sai bayan azahar. Ina riƙe da hannunsa, ina roƙon Allah ya bar mini shi da hankalinsa. Ya buɗe ido ya kira ni da sunana, nawa na gaskiya. Da na ba shi labari, abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya bar ƙofa a buɗe?"

Na ba Hajiya turaren duka. Kaskon kuwa ta ce in bar shi a Ula.

Ga abin da ya ɗaure mini kai har yau. Turaren da ya kusa kashe mu, shi ya kawo Hajiya bakin ƙofarmu. Ruɗewar da nake kuka a kanta, ita ta bar ƙofar a buɗe. Na tambayi kaina na gaji, ban iya jera shi ba. Na dai san na yi ta ba Allah umarni a kan abin da ban sani ba, ranar da na ce ban sani ba kuma ya amsa.

Don haka in kana cikin abin da ka rasa kansa, kada ka jira sai ka gane kafin ka kira shi. Ka dogara gare shi haka nan. In za ku arewa kuma ku ɗauki bargo.

Daga gadon asibiti na kira gida. Tabita ta ɗauka ta ce, "Mama, yaya yawo a mota mai ɗaki?" Sai babanta ya karɓi wayar ya ce mata muna lafiya.

Godiya ta tabbata ga Yesu, wanda ya bar wa yarinyar nan masu amsa mata waya. Amin.