Malamar da Ta Baro Ajinta

A ɗakin jira na wani asibiti a unguwar Aziziyya, Mairama na duba littafin lissafin 'yarta, sai wata dattijuwa ta leƙo.

"Wace makaranta yarinyar take, ya binti?"

"A gida nake koya mata, Hajiya."

"A gida? Wa zai ba ta takardar shaida? Da wa za ta yi wasa?"

"Tana da ƙanne uku." Mairama ta haɗiye sauran maganar: igamar yarinyar, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, ta ƙare tun bara, babu makarantar da za ta karɓe ta.

"Ni malama ce, shekara ashirin. Wallahi yaro ba ya koyo sai malami na tsaye a kansa."

"Yau hutu ake yi ne, Hajiya?"

"A'a, ana karatu. Na dai ce wa 'yan ajin su yi shiru har in dawo."