Ranar da Tela Ya Danna "Eh"

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamanmu masu haƙuri da tsofaffin kawuna, 'yan'uwana ɗaliban ajin yamma, 'ya'ya da jikokin da kuka cika kujerun baya, ina gaishe ku. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ranar karɓar takardar shaida, mu da furfura ta riga alƙalami zuwa.

Maganata a kan abokina Tela ce.

Da farko, mu tuna abin da ya faru. Manhajar da ke koya mana karatu tsohuwa ce, sabuwar kwamfutar ajinmu ba ta ɗaukarta. Sai aka keɓe mata ɗaki, kwamfuta a cikin kwamfuta, tana zaman haya. Wata rana rubutu ya bayyana a allo. Tela, wanda bai taɓa karanta jimla shi kaɗai ba, ya bi da yatsa: "Akwai sabuntawa. A yi?" Don murna ya danna "Eh". Washegari darasi ya ƙi buɗewa.

'Yan aji suka sa shi gaba: "Tela, yau kuma ka yanka ba awo!" Ya yi dariyar yaƙe, ya fita. Makonni suka shuɗe, jarrabawa ta matso, kujerarsa ba kowa.

Na biyu, gaskiya ta yi halinta. Jikata, wadda kwamfuta ce sana'arta, ta duba ta gyara, na ja ta har shagonsa. Ta ce wa Tela, "Baba, sabuntawar nan zuciyar kwamfutar ta taɓa, abin da muke kira kenal. Mai gida ne ya canza kwaɗo don tsoron ɓarayi, bai ba ɗan haya makulli ba. Ko ni ce, Eh zan danna."

Ya tsayar da keken ɗinki. Ya ce, "'Yar nan, bar zancen kwaɗo. Daidai na karanta?"

Ta ce, "Ko harafi ba ka tsallake ba."

Jama'a, ga shi nan a sahun gaba, ya dawo, ya zauna jarrabawa, ya ci! Tashi, Tela, su gan ka. Daina ɓoye fuska da hula!

Allah ya saka wa malamanmu, ya yi wa jikokinmu albarka, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.