Fasinjan da Ba Ya Gaggawa

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa, wata malamar asibiti ta sake duba agogo, ta ja tsaki. Dattijon da ke gefenta kuwa sai murmushi yake.

"Baba, awa biyu jirgin nan ya makara, kai kuma kana murna?"

"'Yata, ai daɗinsa ke nan. Mota, kafin ka gama shirya magana ta dire ka. Jirgi kuwa yana ba mutum lokaci."

"Wace magana kake shiryawa?"

"Haƙuri zan ba ƙanena. Shekara uku ba ma ko gaisawa. Duk mako nake shiga, in zauna jikin taga, in jera kalmomina tsaf. Da mun isa sai in tuna ai shi ne da laifi, in juyo."

Ta gyara zama, ta fuskance shi.

"To ka daure ka je gidansa mana, a wuce wurin!"

"Gidansa kuma? Ai ba zan same shi ba. Shi ne direban jirgin."

"Shi ke jan ka duk mako?"

"Zuwa da dawowa. Kuma wallahi, duk fushinsa, bai taɓa tafiya ya bar ni a tasha ba."