A sa sunana a bangon faifan

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Baba Ɗanjuma ne daga Bungudu. Ban yi boko ba, rubuta mini aka yi.

Jiya ka ce wani kamfani zai sake fitar da tsofaffin fayafayan jaz. To, ni na busa ƙaho a ɗayansu, zamanin ina kiɗa a Gusau. Shekara da shekaru abokan hirata suna ce mini maƙaryaci, don babu sunana a bangon faifan. Ranar ɗaukar faifan aka ce kowa ya rubuta sunansa, ni kuwa kunya ta hana ni in ce ban iya ba, sai na ƙi rubutawa. Amma hotona na nan a bangon, ga tsagen gidanmu a kumatuna!

Malam, wa zan gani a sa sunana kafin ya fito? Ina gaida Alhaji Mani na Tsafe, shugaban masu ƙaryata ni. Ya goge tabaransa.